Auna iska kafin kafa injin wuta a Bauchi da Gombe: tambayoyi da amsoshi

Waɗannan su ne tambayoyin da suka fi yawan fitowa daga ma'aikatan tsare-tsare, ɗaliban injiniya, masu filaye da 'yan kasuwa idan aka taɓo zancen samar da lantarki daga iska a jihohin nan biyu.

Mece ce taswirar iska, kuma me take nunawa?

Taswira ce da aka shafa wa launuka, kowane launi yana nuna matsakaicin gudun iska na shekara a wani tsayi daga ƙasa, galibi mita 50, 100 ko 150. Ana faɗin gudun da mita a sakan. Mita 6 a sakan daidai yake da kilomita 21.6 a awa, kamar gudun mai keken da yake sauri. Taswirar kirki tana ƙara abubuwa uku: ɓangaren da iskar ta fi fitowa, yawan ƙarfin da ke ratsa kowace murabba'in mita, da yadda awowin shekara suka kasu tsakanin iska mai rauni da mai ƙarfi.

Yawancin abin da ke kan taswirar lissafin kwamfuta ne. Ana ɗaukar bayanan yanayi na shekaru masu yawa, a haɗa da tudu da kwarin ƙasa da abin da ya rufe ta, daji ne ko gona ko gari, sai kwamfuta ta yi ƙiyasi. Babu wanda ya hau dutsen Tula da ma'auni kafin a shafa masa launi. Don haka aikin taswira shi ne ta nuna inda ya cancanci a je a auna. Wanda ya sayi inji bisa taswira kaɗai ya yi cinikin biri a sama.

Ga iskar hunturu tana kaɗawa, ga ta farkon damina tana yaye kwano. Wannan bai isa shaida ba?

Bai isa ba, saboda inji yana cin awowi ne, kuma shekara awa 8,760 ce.

Iska biyu ke mulkin yankin. Daga Nuwamba zuwa wajen Maris ta arewa maso gabas ce, busasshiya, mai ɗauko ƙura daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele a ƙasar Chadi. Daga Mayu zuwa Satumba ta kudu maso yamma ce, mai ɗauko danshi daga teku. A ƙarshen damina zuwa kaka iska takan kwanta sosai, kuma waɗannan makonni suna cikin lissafi kamar yadda Janairu yake ciki. Mutum ya fi tuna ranar da ƙura ta cika masa ido, ya manta da ranakun Oktoba da ko ganyen darbejiya ba ya motsi.

Iskar hadari kuwa, wadda kan taso daga gabas gabanin ruwan farko, minti kaɗan take yi ta wuce. Manyan injina suna tsayar da kansu idan gudun ya kai wajen mita 25 a sakan, don kada su karye. Wannan iska tana shiga lissafin ƙarfin ƙarfe da tushe, amma kusan babu abin da take ƙarawa a wuta.

Akwai kuma wani abu da wanda ke tsaye a ƙasa ba ya ji. A rani, bayan faɗuwar rana, iskar da ke dab da ƙasa takan yi sanyi ta kwanta, ita kuwa ta sama, 'yan ɗaruruwan mita, sai ta kuɓuce ta yi gudu. Da hantsi, rana ta dumama ƙasa, sai ta saman ta gauraya da ta ƙasan, shi ya sa ƙura ta fi tashi a wannan lokaci. Ma'aunin da ke mita 10 zai ce dare shiru ne, na mita 100 yana iya cewa dare ne kasuwar. Ga mai tsara wuta wannan labari ne mai daɗi, tunda sola ba ta aiki da dare, sai dai ba a tabbatar da shi sai an auna a sama.

Me ya sa ake ta jayayya a kan rabin mita a sakan?

Domin ƙarfin da ke cikin iska yana hawa da gudu sau gudu sau gudu. Idan gudu ya ninka biyu, ƙarfi ya ninka takwas. Lissafin shi ne rabi, sau nauyin iska, sau faɗin da farfela ke sharewa, sau gudu sau gudu sau gudu.

A ɗauki nauyin iska kilo 1.1 a kowace kubik mita, wato mita ɗaya a tsawo, faɗi da tsayi. A mita 5 a sakan, kowace murabba'in mita tana ɗauke da wat 69. A mita 6, wat 119. A mita 7, wat 189. Tsakanin 5 da 7 ƙarfi ya kusa ninka uku, alhali a fata da ƙyar mutum zai bambance su.

Matsakaici ma yana ruɗi. Wuri biyu, kowanne matsakaicinsa mita 6. Na farko kullum 6 yake, lissafinsa 6 sau 6 sau 6, wato 216. Na biyu rabin lokaci 3, rabin lokaci 9: a haɗa 27 da 729 a raba biyu, 378 ke nan. Shi ya sa ba a karɓar lamba ɗaya a matsayin rahoto, sai an ga jadawalin awa nawa iska ta yi a kowane gudu.

Kuma inji ba ya kwashe duka. Albert Betz, masanin Jamus, ya nuna tun wajen 1919 cewa iyakar abin da farfela za ta iya cira shi ne kashi 59.3 cikin 100. Injinan zamani sukan kai kashi 45 zuwa 50 a gudun da ya fi dacewa da su. Duk mai tallar da ya wuce iyakar Betz, a rufe takardarsa.

Zafi da tudu suna rage wuta?

Suna ragewa. Alƙaluman da masu ƙera inji ke bugawa an gina su ne a kan iska mai nauyin kilo 1.225, wato a bakin teku, a sanyin digiri 15. Garin Bauchi yana sama da teku da kimanin mita 600. A wannan tudu, a zafin digiri 30, nauyin iska yana wajen 1.08, ragin kusan kashi 12. Rahoton da bai gyara wannan ba ya yi ƙari tun daga shafin farko. Saboda haka ne ake ɗora ma'aunin zafi da na matsin iska a kan hasumiyar awon iska tare da na gudu.

Wane yanki ya fi alamar iska a jihohin biyu?

Iska tana ƙara gudu idan ta hau doron tudu mai laushin gangara, musamman wanda ya gitta mata hanya. A nan, tudun da ya miƙe daga arewa maso yamma zuwa kudu maso gabas shi ne ke tarar iskar rani da ta damina duka. Don haka ido yakan fara zuwa Toro, Dass, Tafawa Ɓalewa da Bogoro, inda ƙasa ke hawa zuwa tsaunukan Jos, sannan tuddan Tula da kewayen Kaltungo da Billiri, da dutsen Bima kusa da Dadin Kowa.

Sai dai dutse mai tsini ko mai gaɓa a tsaye, irin su Zaranda ko ƙololuwar Tangale, yana farfasa iska ta riƙa juyi. Iska mai juyi tana gajiyar da fukafukai da giya, ga shi babu hanyar da tirela za ta hau. Gangarar da ta wuce kimanin digiri 17 ma lissafin kwamfuta na yau da kullum yakan fara kuskure a kanta.

Shimfiɗaɗɗun filayen arewa, wajen Azare, Gamawa, Zaki, Misau, Dukku da Nafaɗa, ba su da tudun da zai ƙara wa iska gudu, amma itatuwa ba su da yawa, gini ya fi sauƙi, awo ɗaya kuma yana wakiltar fili mai faɗi. A ra'ayinmu bai kamata a raina su ba idan za a yi amfani da doguwar hasumiya. Gaskiyar da ya kamata a faɗa tun farko ita ce iskar wannan yanki matsakaiciya ce, ba irin ta tafkin Turkana na ƙasar Kenya ba. A wuri irin wannan ƙaramin kuskuren awo shi ke raba riba da asara.

Bayanan hukumar hasashen yanayi ta NiMet da na filayen jirgin sama fa?

Suna da amfani wajen gane watan da iska ke tashi da wanda take kwanciya, da bambancin shekara da shekara. Ba a gina tashar wuta a kansu. Tashoshin yanayi suna auna iska a mita 10, kuma an zaɓi wurarensu ne don jirage da hasashen ruwa, kamar filin jirgin Bauchi da ke Durum da na Gombe da ke Lawanti. Tsohuwar tasha kuma gari yakan cim mata, itatuwa su girma a kewayenta, sai bayananta su nuna kamar iska na raguwa alhali inuwar gini ce.

A kula da ma'auni. Harkar jirage tana amfani da not, kuma not ɗaya mita 0.514 ne a sakan. An sha ganin rubuce-rubucen da suka ɗauki not a matsayin mita, iskar gari ta ninka biyu a takarda.

Ɗaga lissafi daga mita 10 zuwa 100 shi ma tarko ne. Ana yin sa da wata lamba mai nuna yadda gudun iska ke ƙaruwa da tsayi. Da lambar da littattafai suka saba bayarwa, 0.14, mita 4 takan koma 5.5. Da 0.25, wadda ba baƙuwa ba ce da dare, takan koma 7.1. Na farko wuri ne da za a wuce, na biyu wuri ne da banki zai saurara, kuma daga awo ɗaya suka fito.

Ta yaya za a fara tantance wuri ba tare da kashe kuɗi ba?

Da Global Wind Atlas, wadda Jami'ar Fasaha ta Danmak ta yi tare da Bankin Duniya, kyauta a intanet. Tana raba ƙasa gida-gida, kowane gida mita 250, a tsayin mita 10, 50, 100, 150 da 200.

A zaɓi mita 100. A zana iyakar ƙaramar hukumar da ake so. A duba gudu, a duba yawan wat a murabba'in mita, a duba zanen alkibla. Wurin da bai kai mita 6 ba a wannan tsayi, a ajiye shi gefe. Daga 6.5 zuwa sama a yi masa alama. Sannan a sauke bayanan a buɗe su a manhajar taswira ta QGIS, ita ma kyauta ce, a ɗora musu layukan wuta, tituna, garuruwa, gandun daji da filayen jirgi, a yanke duk inda ba zai yiwu ba. Abin da ya rage yakan zama 'yan wurare uku ko huɗu. Su za a taka da ƙafa, a ga hanya, a ga ƙasa, a gaida hakimi da dagaci kafin a fito da tef.

Me ake ɗorawa a kan hasumiyar awo?

Hasumiyar ƙarfe ce siririya mai wayoyin ɗauri, mita 80 zuwa 100 ko fiye. Ƙa'ida ita ce ta kai aƙalla kashi biyu cikin uku na tsayin cibiyar injin da ake nufi, wato inda fukafukansa suka haɗu. Idan cibiyar za ta kai mita 120, hasumiya kada ta gaza 80.

Ana sa ma'aunin gudu mai kofuna uku a matakai uku ko huɗu, misali mita 40, 60 da 80, a sa biyu a saman don su riƙa duba juna. Kowanne ya zo da takardar gwajinsa daga ɗakin gwaji, da lambar da ta dace da wadda ke jikinsa. Sai kibiyar alkibla guda biyu, ma'aunin zafi sama da ƙasa, na matsin iska da na danshi. A gindi akwai akwatin ajiyar bayanai, yana karantawa kowane sakan, yana rubuta matsakaici, mafi girma, mafi ƙanƙanta da yawan kai-komo duk minti 10. Layi 144 ke nan a rana, 52,560 a shekara. Farantin sola da batir ke ba shi wuta, layin waya kuma yana tura bayanai kullum. Sai sandar kama aradu da wayarta zuwa ƙasa, jar fitila saboda jirage, da shinge.

Hannuwan da ke riƙe ma'aunai su ne inda gwaninta take. Ƙarfen hasumiya yana tare iska, don haka dole hannu ya yi tsawo, sau da yawa na faɗin hasumiyar, kuma a hasumiya mai saƙar ƙarfe ana miƙa shi ya gitta hanyar iskar da ta fi yawa. A nan an yi sa'a: iskar rani da ta damina suna fuskantar juna, saboda haka hannu ɗaya zuwa arewa maso yamma, ɗaya zuwa kudu maso gabas, ya wadatar duk shekara.

Hasumiya ɗaya tana wakiltar kimanin kilomita 10 a fili shimfiɗaɗɗe kamar na Katagum. A cikin tuddai kamar Tula, kilomita 2 ne kawai.

Ba za a iya amfani da ƙarfen sabis na kamfanonin waya ba?

Za a iya, don binciken farko, idan mai shi ya yarda. Yana da wuta da mai gadi. Amma yana da kauri, an rataya masa faranti da eriya masu karkatar da iska, yawanci gajere ne, kuma a cikin gari yake. A sa dogayen hannuwa biyu a ɓangarori daban, a yar da bayanan da suka zo ta bayan ƙarfen. Banki ba zai ba da bashi a kansa ba.

Wata nawa za a yi ana awo?

Goma sha biyu cif, mafi ƙaranci, kuma a samu fiye da kashi 90 na bayanan. Shekara biyu ta fi. Wanda ya auna Disamba zuwa Maris ya ninka, ya auna kasuwa ranar cinta ne kawai.

Ko shekara cikakkiya tana iya zama mai iska ko maras iska fiye da saba. Don gyara wannan ana gwama awon da dogayen bayanai irin ERA5 na cibiyar hasashen yanayi ta Turai, ko MERRA-2 na hukumar NASA, wanda ya faro daga 1980. Ana duba yadda suka tafi tare a watannin da aka auna, sannan a miƙa dangantakar zuwa shekara 15 ko 20 baya. Idan dangantakar ba ta da ƙarfi, a faɗa a rahoto, a ƙara wa shakku nauyi.

Me ya fi lalacewa a lokacin awo?

Ƙura ce ta farko. Tana shiga boris ɗin kofuna, sai su yi nauyin tashi, su riƙa karanta ƙasa da gaskiya a iska mai rauni. Ba a ganin wannan da ido. Ana gane shi ne idan aka raba karatun ma'aunai biyun saman kowane wata: rabon da ya fara 1.00 ya gangara zuwa 0.97 yana nufin ɗaya ya fara ciwo. Ƙurar kuma tana rufe farantin sola, batir ya mutu da asuba, a rasa bayanan dare, waɗanda su ne mafi daraja. Maganin ba shi da tsada: faranti ya fi buƙata girma, mai gadi kuma ya goge shi duk bayan kwana biyu ko uku a hunturu.

Aradu ce ta biyu, daga Mayu zuwa Satumba. Ƙasar dutse busasshiya ba ta karɓar wuta da sauƙi, don haka sanda ɗaya a ƙasa ba ta isa, sai an binne da yawa an haɗa su, an kuma auna yadda ƙasar ke karɓar wutar.

A yankunan baƙar ƙasa mai darewa, kamar wajen Deba, ƙasa tana kumbura da damina ta tsattsage da rani, turakun wayoyin ɗauri su saki. A duba ɗaurin bayan ruwan farko da bayan ɗaukewar ruwa. Gobarar daji tana cin kebul, don haka a share ciyawa kewaye da gindi da kowane turke tun Oktoba. Shanu suna soshe-soshe a jikin waya idan ba shinge. Batir da faranti kuma kayan sata ne, shi ya sa mai gadi ɗan garin, wanda mai unguwa ya sani, ya fi kowane kwaɗo.

Sai kurakuran hannu guda biyu masu ban haushi. Agogon akwati: bayanan ERA5 suna kan agogon duniya, Najeriya kuma tana gaba da awa ɗaya, idan ba a rubuta wanda aka saita ba sai gwamawa ta karkace. Da kibiyar alkibla da aka ɗaura a karkace da digiri 10 ko 15, wadda za ta sa a jera injina a layin da bai dace ba.

An ce akwai na'urar da ke awo daga ƙasa?

Lidar ke nan. Tana harba hasken leza sama, ta karanta yadda yake dawowa daga ƙwayoyin ƙurar da iska ke ɗauke da su, har mita 200 ko fiye. Ana ɗaukarta a bayan a-kori-kura a sauya mata wuri. Tana son wuta ba yankewa da gilashi mai tsabta, kuma a cikin tuddai karatunta yana buƙatar gyara. Tsarin da ya fi shi ne hasumiya ɗaya ta zauna, lidar ta yi 'yan makonni a gefenta a gwada su, sannan ta zaga sauran wuraren wata uku-uku.

Mene ne P50 da P90 da ake gani a rahoto?

P50 ita ce wutar shekara da yiwuwar wuce ta da gaza ta suke daidai. P90 ita ce wadda ake da yaƙinin kashi 90 za a kai. Mai aiki yana son P50, mai ba da bashi P90 yake kallo, tazarar da ke tsakaninsu kuma ingancin awo ne ke rage ta.

Inji mai megawat 3 da ya yi kashi 30 na iyawarsa zai ba da megawat-awa 7,884 a shekara. A tabbata lambar da aka bayar bayan cire asara ce: iskar da inji ke tare wa na bayansa, tsayawar gyara, asarar waya da taransifoma, dattin fukafukai, da lokacin da layi ya ɗauke. Jimillarsu takan kai kashi 10 zuwa 20, a nan kuma na ƙarshen zai iya wuce abin da aka saba gani a wasu ƙasashe.

Idan iska ta yi kyau, shi ke nan?

Saura layi da hanya, kuma su suka fi kashe ayyuka. Babban layi mai kilobolt 330 ya taso daga Jos ya ratsa jihar Bauchi zuwa tashar TCN, kamfanin manyan layukan wuta na ƙasa, da ke Gombe, daga nan ya rabu zuwa Yola da Damaturu. Tasha mai megawat 30 ko 50 tana buƙatar shiga layi mai kilobolt 132 ko sama, kuma kowace kilomita ta sabon layi kuɗi ce. Injin iska na yau da kullum ba ya aiki idan layi ya mutu. A Oktoban 2024 yawancin Arewa ta yi kwanaki cikin duhu saboda matsalar manyan layuka, kuma a irin waɗannan kwanaki farfela tsayawa take ko iska na kaɗawa. A Kenya, tashar Turkana mai megawat 310 ta kammala injinanta 365 a 2017, ta zauna jiran layi har 2018. Kusanci da madatsar Dadin Kowa mai megawat 40, ko babban mai saye kamar masana'antar siminti ta Ashaka, abin dubawa ne tun a taswira.

Fiffike ɗaya na injin zamani yana kai mita 60 zuwa 80, kuma ba ya lanƙwasa. Zai taso daga tashar ruwa, kimanin kilomita 1,000 ko fiye. Sai an bi hanyar an auna kowace kwana, kowane shataletale, gada, kwalbati da wayar da ta gitta. Motar ƙugiyar da za ta ɗaga shi tana son dandali mai ƙarfi, tushen kowane inji kuma yana cin kankare ɗaruruwan kubik mita, wanda ke nufin ruwa mai yawa a wurin da wataƙila rijiya ɗaya ce.

Wace tazara ake bari tsakanin injina?

Ana aunawa da faɗin farfela. Gefe da gefe faɗi 3 zuwa 5, gaba da baya a hanyar iska faɗi 7 zuwa 10. Ga farfela mai mita 150, mita 450 zuwa 750 ke nan a jere, kilomita 1 zuwa 1.5 tsakanin sahu da sahu. Sahun a nan zai miƙe daga arewa maso yamma zuwa kudu maso gabas. Filin yana da faɗi a taswira, amma abin da tushe da hanya ke ci kaɗan ne, sauran ana noma gero da wake ana kiwo kamar da.

Wane irin inji ya dace?

Na iska mai rauni, wanda ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta IEC ke kira aji na uku: babbar farfela, ƙaramin janareta, doguwar hasumiya. Farfela mai mita 150 tana share murabba'in mita 17,671. Da janareta mai megawat 4.2, wat 238 ke nan a kowace murabba'in mita, kuma tsakanin 200 da 250 shi ne abin nema. A nemi samfurin ƙasashe masu zafi, domin da yawa suna rage aiki ko su tsaya a digiri 40, wanda Maris da Afrilu ke wucewa a Azare da Gombe. A tambayi matatar ƙura da kariyar bakin fiffike, tunda yashi yana cinye shi a hankali.

Me aka koya daga Lambar Rimi?

Tashar wutar iska ce a jihar Katsina, megawat 10, injina 37 na kamfanin Vergnet na Faransa, kowanne kilowat 275, masu fiffike biyu a tsayin mita 55. Gwamnatin jiha ta faro ta a 2005, ta tarayya ta karɓa a 2007. A Disamban 2012 aka sace injiniyan Faransa da ke aikin, komai ya tsaya, aikin kuma ya ɗauki fiye da shekara goma. Kayan da suka daɗe a ajiye lalacewa suke. Tsaro, kayan gyara da horar da masu kula suna cikin zaɓen wuri kamar yadda gudun iska yake ciki.

Tsuntsaye, ƙara da makiyaya fa?

A nisanci Yankari, gandun Lame-Burra da tafkin Maladumba na Misau, da fadamun kogin Jama'are inda tsuntsayen ƙaura ke sauka. Ungulu da shamuwa suna shawagi a daidai tsayin farfela, jemagu kuma da dare. Ƙidayarsu tana buƙatar rani da damina, don haka a fara ta rana ɗaya da awon iska.

Ƙa'idojin Bankin Duniya sun sa iyakar ƙara da dare a desibel 45 a wajen gidaje, inuwar fiffike mai walƙiya kuma kada ta wuce awa 30 a shekara a kan gida. A aikace ana barin mita 500 ko fiye. Burtali, maƙabarta da wuraren al'ada ba sa fitowa a hoton tauraron ɗan'adam. Sai an zauna da ardo da dattawan gari an zana su da hannu.

Waɗanne takardu ake buƙata?

Izinin tsayi daga hukumar kula da sufurin jiragen sama, NCAA, har ga hasumiyar awo. Takardar fili bisa dokar amfani da ƙasa ta 1978, da yarjejeniyar diyya ko haya a rubuce. Rahoton tasirin muhalli bisa dokar 1992. Samar da wuta fiye da megawat 1 yana buƙatar lasisi, kuma tunda dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi damar kafa hukumominsu, a bincika ko hukumar lantarki ta tarayya, NERC, ce ke da hurumi ko ta jiha. Sai yarjejeniyar shiga layi da TCN, ko da kamfanin rarraba wuta na Jos, JED, idan ƙaramin layi ne.

Ƙaramin inji a kan rufin gida zai yi?

A cikin Bauchi ko Gombe, da wuya. Farfela mai mita 2 tana share murabba'in mita 3.14. A matsakaicin mita 4 a sakan, bayan asara, wajen kilowat-awa 1.3 za ta bayar a rana, abin da farantin sola ɗaya mai wat 300 ke bayarwa ba tare da boris ko girgiza bango ba. Rufin gari kuma da wuya ya samu mita 4 ɗin. Lambar da aka rubuta a kwali, wat 1,000 ko 2,000, ta gudun mita 11 ko 12 ce, wanda ba ya zuwa sai jefi-jefi.

Inda zai iya biya shi ne gona ko ruga a buɗaɗɗen tudu, a kan sanda da ta ɗara duk itace ko gini da ke cikin mita 150 da aƙalla mita 10, a haɗe da sola da batir. Don jawo ruwa kuwa, fanfon iska mai fukafukai da yawa yana tashi a mita 2.5 zuwa 3 a sakan, kuma makanikin gari zai iya gyara shi, muddin an haɗa masa tankin da zai riƙe ruwan kwana uku ko huɗu na lokacin da iska ta kwanta.